Ƙwayar Ƙarfe a Cikin Fadila

Likita ta ɗaga baƙin hoton cikin da aka ɗauka ta kara shi da hasken taga, ta ɗora bakin biro a kan wani ɗan farin ɗigo can ƙasa, wajen dama.

"Kun ga wannan? Ba ƙashi ba ne, ba tsutsa ba ce," in ji ta. "Ƙarfe ne."

Tani ta dafe ƙirji. "Ƙarhe, likita? Cikin cikin ɗiyata? Ta ina ya shiga?"

"Abin da nake son ku gaya mini ke nan. Na duba jikinta daga kai har tafin ƙafa, babu rauni, babu tabo. Abin da bai huda fata ba kuwa, ta baki ya bi."

Nomau, mijin Tani, yana tsaye a bakin gadon da 'yarsa Fadila take kwance. Shekarunta takwas. Ta naɗe ƙafar dama ta manna da ciki, leɓɓanta sun bushe sun yi fari. Kwana huɗu ke nan tun da ciwon ya fara mata a cibiya, sannan ya gangara gefen dama ya kafa. Majon ƙauye, wato ma'aikacin jinya, ya gwada jininta ya ga masassarar damina, ya ba da magani. Aka ƙara da na tsutsar ciki. Da amai ya ƙi tsayawa, ya rubuta musu takarda ya ce kada su kwana, su wuce asibitin Gidan Rumji. Suka taso daga Tsamiyar Rabo, wani ɗan ƙauye a bayan Gidan Sori, rabi a amalanke rabi a mota.

Nomau ya dubi ɗigon sau ɗaya, bai ƙara ba, don ya san shi. Zagayayye ne sumul, ya ɗara ƙwayar dawa, bai kai wake ba. Shi da hannunsa ya kwance ƙafar wani mataccen keke ya tsince irinsa goma sha ɗaya, ya goge su da tsumma, ya zuba a gwangwanin taba. Ƙwayar boris ce, kuma duk maharbin da ke ɗura bindigar toka ya san ba ta da na biyu wajen zabin daji.

Likitar, Rukaiya sunanta, ta juya takarda ta zana musu hanji. "A nan akwai wani ɗan reshe kamar ƙaramin yatsa, muna ce masa apandis. Ƙofa ɗaya gare shi, abin da ya faɗa ciki da wuya ya fito. A yara yawanci kashi ne ke daskarewa ya toshe shi, wani lokaci tsutsa, na taɓa ciro ƙwallon magarya. Ƙarfe dai yau na fara gani. Ya toshe, ya kumbura, ya yi mugunya. In ya fashe, mugunyar ta watsu a ciki, magana ta zama wata. Aiki za mu yi mata yau. Amma ina son in san me zan tarar. In batirin agogo ne, yana cin hanji. In mayen ƙarfe ne, watakila ba shi kaɗai ba ne."

Ta sunkuya kan yarinyar, ta shafa goshinta. "Fadila, kin haɗiyi wani abu? Ko a wasa, ko a abinci? Ba wanda zai doke ki."

Yarinyar ta buɗe ido. Ba ta dubi likita ba, ba ta dubi uwarta ba, ubanta ta duba. Ta daɗe tana dubansa kafin ta ce, "Hura kawai na sha."

Nomau ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sati uku da suka wuce, zabin daji sun addabi waken da ya shuka a gonar fadama. Ya ciro bindigarsa daga kogon kukar da ya ɓoye ta, ya kayar da zabuwa ɗaya, ya fige, ya gasa a bayan bukka. Yana cikin gashin Fadila ta iso da ƙwaryar fura a ka. Rabon gidan da nama tun layya. Ya ga yadda ta tsura wa wutar ido tana haɗiyar miyau, sai ya yage mata ƙirjin duka, har da ƙundu, wanda rabon maigida ne. Ya ce ta ci da sauri kada wani ya wuce. Ta ci da sauri, ko taunawar kirki babu. Sannan ya kama kunnenta cikin wasa ya ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba. Ko Innarki kar ta ji." Ga shi kuwa yarinya ta riƙe amana, ciwo na cin ta amma ta riƙe.

Mai karatu zai ce, to mene ne a ciki, mutum ya harbi zabuwa? A da ba komai. Amma tun da 'yan bindiga suka fara tsallako iyaka suna kore shanu suna ɗaukar mutane, hukuma ta ce duk mai bindiga a ƙauyukan nan ya miƙa ta. Wanda aka kama da ita bayan haka, ba a tambayarsa zabo ko zomo, abokin ɓarayi ake ɗaukarsa, kuma waɗanda aka tafi da su ba su cika dawowa da wuri ba. A Tsamiyar Rabo, maigari da kansa ya bi gida gida yana karɓa. Maigarin nan kuwa shi ne Barmo, uban Nomau. Da ya zo kan ɗansa, Nomau ya dubi ƙasa ya ce tasa ta tsage tun bara, ya jefa ta tsohuwar rijiya. A kan wannan maganar tsoho ya dafa Alƙur'ani a gaban jandarma da jama'ar gari, ya rantse ko ɗaya ba ta rage ba.

"Malam Nomau," in ji likita, "kai fa? Ba ka tuna komai ba?"

Bakinsa ya buɗe. Kafin magana ta fito, sai ga sallama a bakin ƙofa, da ƙarar sanda a kan siminti. Barmo ne, an kawo shi a kan moto, wato babur, tun daga ƙauye, rawaninsa ya yi ja da ƙasar hanya. Dogo ne, ya haura saba'in, kuma a zamaninsa babu maharbi irinsa daga Gidan Sori har bakin iyaka. Ya wuce kowa ya tsaya a kan jikarsa.

"Amaryata, wane irin raki ne wanga? Don kin ji zan ƙara aure shi ne kika kwanta?"

Fadila ta yi ƙoƙarin murmushi, ciwo ya katse shi. Likita ta gaishe shi da ladabi, ta sake ɗaga hoton, ta maimaita bayaninta tun daga farko. Tsoho ya karɓi hoton ya kai shi kusa da ido, ya nisanta shi, ya sake kusantowa. Fuskarsa ba ta nuna komai ba.

"Wanga jifa ce," ya ce. "Aikin maƙiya. Ba ciwon likita ba ne, ɗiyata. Ki sallame mu, akwai masu cire irin wanga a gida ba tare da an yanka yarinya ba."

Tani ta rushe da kuka, tana ambaton sunan Allah, tana tambayar wa suka tsare wa wani abu a duniya. Likita ta ajiye biro a hankali. Da gani ba yau ta fara jin irin wannan ba.

"Baba Maigari, ban isa in yi jayayya da kai a kan abin da ban karanta ba. Abin da na karanta shi ne, cikin yarinyar nan ba zai kai gobe haka ba. Ba zan tsare ku da ƙarfi ba, amma ba zan ce muku ku tafi ba. Ubanta ne zai sa hannu. Ku je ku yi shawara, kada ta wuce sallar azahar. Kuma don Allah kada a ba ta komai ta baki, ko ruwa."

Suka fita, uba a gaba ɗa a baya, har gindin wata bishiyar bedi a ƙarshen filin asibitin, inda masu jinya suka shanya zannuwa. Rana ta take tsaka. Nomau ya durƙusa kamar yadda ya saba tun yana yaro, ya rasa ta inda zai fara. Shekararsa arba'in, 'ya'yansa biyar, amma bai taɓa ce wa tsohon nan a'a ba, ko a kan gona ko a kan aure.

"Baba, akwai maganar da nike son in hwaɗa maka."

"Riƙe abarka," in ji Barmo, bai ko dube shi ba. "Kana tsammani ban san boris ba? Ni na koya maka ɗura shi. Tun ran da ka ce ka jefa ta rijiya na san ƙarya kake, don ba ka dube ni ba. Na rantse ne a kan maganarka, na bar ka da Allah."

Nomau ya kasa ɗaga kai. Kunya ta rufe shi, irin wadda ta fi duka zafi.

"Jifa kuma da na ce, don matar can na ce. In ta yanka ta ciro shi, sai ta rubuta. Takarda ba ta da ciki, Nomau, daga buron asibiti sai buron hukuma, har ta kai hannun jandarma. Su zo su tahi da kai, a bar ni da matarka da ɗiya biyar. A ce kuma Barmo ya dafa Alƙur'ani a kan ƙarya." Ya sa hannu a aljihun babbar riga ya ciro wata 'yar gorar roba, cike da ruwa baƙi-baƙi. "Harsashi nawa na haɗiya a rayuwata? Ubana nawa ya haɗiya? Ba wanda anka yanka. Hilasko za a dafa a sha, ciki ya wanke, ka ji shi ya faɗo ƙwal. Na sa an dafo tun da sahe, da na ji an ce ciwon ciki ne ya ƙi jin magani. Ka ba uwarta ta ba ta. Kahin la'asar mun kama hanya."

Ba mugunta ce ta sa tsohon ya faɗi haka ba, kuma Nomau ya sani. Barmo yana son Fadila fiye da duk jikokinsa, kuma gaskiya ne, maharba sun haɗiyi harsashi kaka da kakanni, filasko ya fitar. Shi kansa Nomau an taɓa ba shi yana saurayi. Sai ya ji zuciyarsa ta karkata, don ga hanya mai sauƙi, wadda ba kowa zai ji ba, kuma babba ne ya nuna ta. Ya karɓi gorar da hannu biyu.

Ɗakin da aka mayar da Fadila gado shida ne, duk da yara a kai. An sa mata ƙarin ruwa a hannu. Tani ta fita wanke fuska. Nomau ya zauna a bakin gado, ya ɗauki kofin roba, ya tsiyaya. Warin ganyen ya tashi. Ya sa hannu ƙarƙashin wuyan yarinyar don ya ɗago ta, sai ta yi wata 'yar ƙara, ba mai ƙarfi ba, ta riƙe gefen cikinta da hannu biyu. Jikinta zafi rau. Cikin da yake da laushi jiya ya yi tauri kamar faifai.

Ta jawo wuyan rigarsa, ta kai baki kusa da kunnensa.

"Baba, ban hwaɗa ba," ta ce. "Ko na mutu ba ni hwaɗi."

Ya daɗe a sunkuye. Hawaye ya zubo masa, bai share ba, bai kuma damu da matan da ke kallonsa ba. Wato shi, ƙato da gemu, ya ɗora wa 'yar shekara takwas kayan da ya kasa ɗauka, ita kuma ta ɗauka har tana lissafin mutuwa a ciki. Ya mayar da kanta kan matashi a hankali. Ya juye kofin a cikin gora, ya rufe.

"Hwaɗi abinki, uwata," ya ce. "Na sake ki. Ni ma yanzu zan hwaɗa."

Ya tarar da likita a baranda tana magana da wani majo, Barmo kuma na zaune a benci kusa da su, ya dogara haɓa a kan sanda. Nomau bai nemi a keɓe ba, don ya san in ya jira keɓewa ƙarfin zai gudu.

"Likita, ƙwayar boris ce ta keke. Ni na ɗura ta a bindiga na harbi zabuwa, yau sati ukku. Na ba ta naman ta ci, na ce kar ta hwaɗa ma kowa. Ba jifa ba ce. Kawo takardar in sa hannu."

"Nomau!" in ji Barmo. Sunan kawai ya kira, amma duk wanda ke barandar sai da ya waiwayo.

"Ka gafarce ni, Baba. Ban taɓa tsallake maganarka ba. Yau zan tsallake."

Likita ta dubi gorar da ke hannunsa. "Mene ne wannan?"

"Hilasko."

"Ta sha?"

"Ko ɗigo."

Ta sauke numfashi. "Alhamdu lillahi. Da ta sha, hanjin zai yi ta murɗawa a kan abin da ya riga ya kumbura, da a hanya zai fashe muku." Ta juya ga tsoho, murya ƙasa ƙasa. "Baba, naku da kuka haɗiya, babbar hanya suka bi suka wuce. Nata lungu ya faɗa." Sannan ta ce wa Nomau, "Ka taimake ni, yanzu na san abin da nake nema. Amma kada in yaudare ka. Ni ba jandarma ba ce, ba zan kira kowa ba. Sai dai abin da na ciro daga cikin yaro dole in rubuta shi da sunansa, da yadda aka yi ya shiga. Inda takardar za ta tsaya, ban sani ba."

"Rubuta," ya ce. Ya dangwala babban yatsa a tawada ya danna.

Aka tura Fadila a kan gado mai taya, Tani na biye har ƙofar da aka ce ta tsaya. Aka yi azahar. Uba da ɗa suka yi salla a sahu ɗaya a ɗan masallacin asibiti, suka dawo benci ɗaya, tsakaninsu wurin zaman mutum biyu. Barmo carbi yake ja, yana kallon ƙofar. Tani, da ta ji labarin daga bakin majo, ta zauna can nesa a ƙasa ta juya wa mijinta baya, kuma bai ga laifinta ba. Hadari ya taso daga gabas, ya yi duhu, ya watse ba tare da ya zubar ba. Nomau ya yi tunanin gonar fadama, da wanda zai yi mata noma na biyu in an tafi da shi, sai ya ga ko a jikinsa. Abu ɗaya yake roƙo, ƙofar nan ta buɗe da alheri.

Ana kiran la'asar ta buɗe. Likita ta fito da hular aiki a kanta, gumi ya jiƙa wuyan rigarta.

"An gama. Mun same shi ya yi baƙi, bakinsa ya fara tsagewa, amma mugunyar ba ta yi nisa ba. Mun cire, mun wanke. Za ta kwana biyar ko shida a nan muna dubawa. In Allah ya so za ta tashi."

Tani ta faɗi ta yi sujada a kan simintin. Likita ta miƙo wata 'yar kwalba mai murfi, abin yana kwance a ƙasanta, ya dusashe. Nomau ya miƙa hannu, amma tsoho ya riga shi. Barmo ya ɗaga kwalbar, ya jujjuya ta, ƙwayar ta gangara ta buga gilashi.

"Da na ba ta hilaskon, da ta mutu?" ya tambaya.

"Rai na Allah ne, Baba," in ji likita. "Amma da wuya ku kai gida da ita."

Tsoho ya gyaɗa kai, ya mayar mata da kwalbar. Ya nemi a bar shi ya leƙa. Daga bakin ƙofa ya tsaya ya dubi jikarsa tana barci, da roba a hanci, bai yi mata wasan da ya saba ba. Da ya fito sai ya yafito ɗansa da hannu, suka koma gefe.

"Bindigar, ina take?"

"Kogon kukar gonar fadama. Na naɗe ta da buhu. Gobe da sahe zan kai ta da kaina, Baba, in hwaɗa ma jandarma yadda anka yi."

"Ba ka zuwa ko'ina. Yarinya za ta farka ta nemi ubanta." Barmo ya gyara zaman rawaninsa. "Ni za ni kai ta. Kai ƙarya ka yi ma ubanka, wannan tsakaninmu ne. Ni na san ƙarya ce na dafa Littafi a kanta, kuma yau saura kaɗan in ƙara da rai. Su tambaye ni, ni ne maigari."

"Baba, za su tuɓe ka. Watakila su riƙe ka."

"Watakila."

Nomau ya durƙusa ya kama gefen rigarsa. Tsoho ya janye rigar a hankali, ba da fushi ba, ya ɗora masa hannu a ka na ɗan lokaci. Sannan ya ɗauki sandarsa ya nufi bakin ƙofar asibiti, inda masu moto suke jira a inuwa. Nomau ya bi shi da kallo har ya hau, ya ga yadda ya sha wuya kafin ya ɗaga ƙafa. A bayansa majo ya leƙo daga ɗaki yana tambaya wane ne uban Fadila, ta farka tana kira.